Ranar da Na Gaida Goggo a Kishingiɗe

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna min har iyakar rayuwata. Abin ya faru ne a ofis, da rana tsaka, a kan wata kujera da na ƙaunata fiye da yadda ya kamata mai hankali ya ƙaunaci kujera.

Bari in fara da ita, tunda ita ce ta ci amanata.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin masu zanen gine-gine da ke saman wani bene a unguwar Wunti. Ƙasanmu teloli ne, kekunan ɗinkinsu na ta surutu tun safe, a titi kuma 'yan acaɓa na ta gaisawa da hon. Aikina shi ne tarbar baƙi da buga takardu a kwamfuta. Adabi na karanta a jami'a, abin da ya bar min wata larura ta ganin kowane abu yana da rai da labari, har da abin huda takarda. To kujerar nan ta manajanmu ce. Da aka sayo masa sabuwa sai aka gangaro min da tsohuwar: baƙa, mai dogon baya, mai tayoyi, fatar hannunta ta ɗan ɗaye. Ranar da na fara zama a kanta na ji kamar an ba ni sarautar wani ƙaramin tsibiri.

A ƙarƙashinta ta hannun dama akwai wani ɗan ƙarfe mai faffaɗan kai, wanda ake ce wa liba. Hannu ɗaya ne, amma harshe biyu gare shi. Idan ka ɗaga shi sama, maganar tsawo ake yi: in kana zaune da nauyinka sai kujera ta sauka, in ka ɗaga jikinka sai ta tashi. Idan kuwa waje ka ja shi, to ka kwance mata baya ke nan, sai ta kishingiɗa da kai, ka tura shi ciki ta kulle a daidai inda ka tsaya. Can gaba kuma, a tsakiya, akwai wani dunƙulallen abin murɗawa kamar kan famfo, shi ne ke ɗaure sifirin da ke riƙe bayan. Manaja mutum ne mai jiki, ya ɗaure shi tamau, ni kuwa da iska mai ƙarfi kan canza min hanya, ko na jingina da duk ƙarfina ba ta motsi. Sai na shiga kwance shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya yi sako-sako, ta kai ko doguwar ajiyar zuciya na yi sai kujerar ta tafi da ni.

Har sunaye na raɗa musu (na gaya muku ina da larura). Sauka na kira ta Tawali'u, tashi Girman Kai, kishingiɗa kuwa Mafarki. Idan an yi azahar ofis ya yi shiru, sai in ja liba in tafi Mafarki, in kafa wa silin ido. Akwai wani tabon yoyon ruwa kusa da fanka mai kama da duwatsun da suka kewaye garin nan, a kansa na tsara baitoci da yawa waɗanda Allah Ya rufa min asiri ba wanda ya taɓa karanta su.

Tana da wata ɗabi'a guda da ta fi burge ni. Idan ka kulle ta a kishingiɗe, ko ka ja liba ba za ta sake ka nan take ba, sai ka ƙara danna bayanka baya har ka ji ƙas, sannan ta taso da kai a hankali. An yi hakan ne don kada ta zaburo ta mangare mutum a ƙeya. Ni kuwa sai na mai da abin hikima, ina cewa kujera ce da ba ta 'yanta ka sai ka ƙara miƙa wuya. Na faɗa wa Rifkatu haka, akantarmu, wadda teburinta ke fuskantar nawa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama mai waƙa, wata rana kujeran nan zai kai ki Jos ba ki shirya kaya ba."

Rifkatu 'yar kudancin jihar nan ce, Hausarta tsaf, sai dai in ta ruɗe kowa namiji ne a bakinta. Ku riƙe wannan, zai yi amfani.

Yanzu sai maganar Nafi'u. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mai sanyin magana, irin wanda zai saurari waƙarka har ƙarshe sannan ya tambaye ka cikin ladabi me kake nufi. Mun fahimci juna, gidanmu sun san da shi, abu ɗaya ya rage: manyansa ba su zo ba. Ba za su zo ba kuwa sai Goggo ta ɗaga kai. Goggo yayar mahaifinsa ce, ita ta raine shi a Inkil, can bakin gari, tun yana ƙarami, tana sana'ar hatsi a Kasuwar Muda Lawal tun kafin a haife ni. A gidansu ko akuya ba a saya sai ta taɓa ƙirjinta. Da ya kai mata maganata, ya ce ina aiki a ofis, abin da ta ce (shi ya gaya min, da ma ya yi shiru) shi ne, "'Yan ofis? Waɗanda ke hakimcewa a kujera mai juyi suna amsa gaisuwar sa'ar uwarsu daga sama? Sai na ga yarinyar da idona."

Tun daga ranar na shiga shiri. A tunanina wata Asabar za a kai ni Inkil, in sa babban hijabi, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa nesa da tabarmarta, idona a ƙasa, muryata kamar ta wadda ta tashi daga zazzaɓi. Na yi ta gwada durƙuson a ɗaki gaban madubi har gwiwoyina suka yi baƙi. Abin da na manta shi ne Goggo 'yar kasuwa ce. Wanda ya daɗe yana sayen hatsi ba ya gaya wa mai buhu ranar da zai zo.

Ran nan an idar da azahar, maza sun tafi duba wani gini, Rifkatu ta sauka sayo mana masa. Ni kaɗai ce. Na dawo daga Mafarki ke nan, na miƙar da kujera na kulle ta, takalmana suna can ƙarƙashin tebur tun da na yi salla. Ƙafafuna sun sha jan lalle na bikin wata ƙawata. Ga wani siket da telan ƙasanmu ya ɗinka min, mutumin da duk abin da ka ce masa sai ya ce "an gama" sannan ya yi abin da ransa ke so. Na ce ya yi min shi sakakke, ya matse shi har sai na yi tafiyar hawainiya.

Sai na ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Aka yi sallama. Wata dattijuwa ce gajera mai faɗi, da mayafi ruwan ƙasa, ƙaramar jaka a hammata, idanunta ƙanana masu kaifi irin na wanda ke gane tsakuwa a cikin gero daga nesa. Na amsa da muryar aiki, na ce, "Sannu da zuwa Hajiya, wa ake nema?"

Ta ce, "Ni ce Goggo. Ta Inkil."

Na miƙe zumbur zan zagayo in zube. Ta ɗaga hannu. "A'a, a'a. Zauna. Wurin aikinki ne, ban zo in tashe ki ba."

"Goggo, bari in..."

"Zauna na ce, 'yar nan."

Ta nemi bencin baƙi da ke gefen teburina ta zauna tana riƙe gwiwa. Babba ya ce zauna, to sai zama. Na koma, na juyo da kujerar na fuskance ta, don ba a gaida babba ta bayan kwamfuta. Sai a nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: bencin nan gajere ne ƙwarai. Daga inda nake ina hango tsakiyar ɗankwalinta. Ga ni a kujera mai juyi, ga ta a ƙasa tana ɗaga kai. Hoton da ta zana wa Nafi'u ke nan, ba ragi, har da juyin.

Zuciyata ta ce, ki kwantar da hankalinki, ai kina da Tawali'u. Dabarar mai sauƙi ce. Ina gaisuwa, hannuna na dama zai sulale ƙasa ba tare da ta gani ba, in ɗaga liba, in sauko a hankali kamar ganyen da ya bar reshe, kafin mu kai "ya gida" na zo daidai da ita ko ma ƙasa. Har na hango yadda za ta koma Inkil tana cewa, yarinyar nan ko kujerarta kunya gare ta.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ina wuni, Goggo?"

"Lafiya lau."

Na ɗaga liba.

Abin da na manta, ni da na san kujerar nan kamar tafin hannuna, shi ne ba zaune nake ba. Wace yarinyar kirki ce za ta baje a kujera gaban goggon wanda take so? Ɗosana jikina kawai na yi a bakin-bakinta, duk nauyina yana kan yatsun ƙafa, rabi zama rabi tsuguno. Ita kuwa kujera ba ta san kunya ba, nauyi ta sani. Da ta ji ba kowa a kanta sai ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Ta taso fuuu, ta ɗauke ni ta cinya, na saki liba don firgita, na faɗa cikinta daɓas. Da na buɗe ido ina can ƙololuwa, inda ko manaja bai taɓa kaiwa ba, ƙafafuna na reto ba sa taɓa ƙasa.

Goggo ta biyo ni da kallo har sama, kamar mai duban wata. Ta ce, "To. An ƙara miki girma."

Na ce, "Kun zo lafiya, Goggo?" Muryata ta fito siririya.

"Lafiya ƙalau."

Har a nan abin bai ɓaci ba. Yanzu ai ina zaune da nauyina, ɗaga liba kawai zan sake yi in sauko, a yi dariya kaɗan, a wuce. Don in tabbatar ta ji nauyin sosai sai na ƙara matsawa ciki na jingina bayana gaba ɗaya. Na miƙa hannu. Tafina ya jiƙe da gumi, idona na kan ƙafar Goggo don ba na iya kallon fuskarta. Na kama liba, maimakon sama, na ja waje.

Kun tuna abin murɗawar nan da na yi watanni ina kwancewa?

Ba kishingiɗa ta yi da ni ba yadda ta saba, a hankali kamar uwa na kwantar da jariri. Wurgi ta yi da ni. Bayan ya tafi, gaban mazaunin ya ɗaga, tayoyi suka ɗan gangara, silin ya zo inda bango yake. Na yi wata 'yar ƙara irin ta ɗan tsako. Cikin ruɗewa na mai da liba ciki da ƙarfi wai in tsayar da ita, ta kuwa tsaya, ta kulle ƙam, a can ƙarshen inda take iya zuwa.

Ga ni nan kwance. A sama fanka na juyawa a natse, ga tabon duwatsuna yana kallona kamar bai san ni ba. A ɗaya ɓangaren kuma, daidai hancin matar da aurena ke hannunta, ga tafukan ƙafafuna biyu, tsirara, jajaye da lalle, suna ɗan lilo. A gidanmu ko miƙe ƙafa ka yi wajen babba sai an zare maka ido. Ni ɗagawa na yi na kai mata har gaban fuska, kamar mai tallar su.

Hannuna ɗaya ya cafke bakin siket, ɗayan ya danne mayafi. Kaina ya ɗauke wuta gaba ɗaya. Amma bakina bai samu labari ba. Ummanmu ta raine mu a kan cewa gaisuwa ba a yanke ta a tsakiya, ko gobara ake sai ka kai ƙarshe. Sai kawai na ji wata murya, tawa ce, tana tashi zuwa silin:

"Ya gida, Goggo?"

Daga can bayan ƙafafuna aka ce, "Lafiya lau."

"Ya kasuwa?"

"Da godiya."

"Ya mutanen Inkil?"

"Duk suna lafiya."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma Nafi'u ya taɓa gaya min tana fama da ciwon gwiwa, na kuma sa a raina tun a gaban madubi cewa zan tambaye ta, don ta san ina da kula. Tambayar tana cikin layi, lokacinta ya zo, ta fito:

"Ya ƙafa?"

Goggo ta ce, "Tawa da sauƙi. Taki ma na ga lafiyarta ƙalau."

Da ƙasa na buɗewa don tausayi, da ranar ta buɗe. Sai dai ni ko ƙasar ma ba na kusa da ita.

Za ku ce me ya hana ni sauka? Na yi lissafin. In zan mirgina ta gefe sai na ware ƙafa, siket ɗin telanmu kuwa ba ya ba da wannan izinin sai dai ya yage. In na yunƙura gaba tayoyi za su tafi, in faɗa kan cinyarta. Hanya ɗaya ce, kuma na san ta, ni ce ma na mai da ta hikima: in ja liba, in ƙara danna bayana baya har ta ce ƙas. Wato in saki siket ɗin da nake riƙe, in ƙara kwanciya, in ƙara ɗaga ƙafa, a gaban Goggo, da gangan wannan karon. Na kasa. Na zaɓi in zauna a haka har tashin ƙiyama. Hawaye suka fara gangarowa, da yake a kwance nake sai suka nufi kunnuwana.

A haka Rifkatu ta shigo da ledar masa tana 'yar waƙarta. Waƙar ta mutu a bakinta. Ta dubi dattijuwa, ta dubi ƙafafu, ta rusuna da sauri ta ce, "Sannu Mama, sannu da zuwa," sannan ta juyo kaina. "Kai! Me kana yi haka a gaban Mama? Tashi mana!"

Na ce da silin, "Ta kulle."

"To ja liban ka ƙara kwanciya! Ƙara kwanciya!"

Goggo ta ce, "Ta ƙara? Akwai sauran wuri?"

Rifkatu ta ce, "Akwai kaɗan, Mama."

Ta ajiye masa, ta cire gyalenta ta yafa min a ƙafa (Allah Ya saka mata, har gobe ina mata addu'a), na rufe ido, na ja liba, na danna baya. Ƙas. Kujera ta taso da ni a hankali, cikin ladabi, kamar ba ita ba. Da na ɗaga liba kuwa sai ta sauko suuu har ƙasa, Tawali'u ya iso bayan an tashi daga taro. Ban jira komai ba na zame na durƙusa a kan siminti, durƙuson da na yi ta gwadawa, sai dai babu wanda ya gwada shi da majina.

Goggo ba ta yi dariya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ta miƙe da ƙyar, ta zagaya bayan kujerar, ta danna ta da tafin hannu sau biyu kamar mai gwada cikar buhu, ta leƙa ƙarƙashinta. Rifkatu ta miƙa mata masa, ta ɗauki ɗaya, ta ci a tsaye, ta ce an cika yis. Sannan ta gyara mayafi, ta dube ni a ƙasa, ta ce:

"To. Na gani."

Ta fita. Muka ji takunta yana sauka, ana hutawa a kowane hawa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san maganar nan rabi ce. Abin da dangin namiji ke fara kaiwa gidan mace sunansa "na gani ina so". Goggo ta ba ni rabin farko ta tafi da na biyun a jakarta. Rifkatu ta yi ƙoƙari, ta riƙe dariyarta har takun ya ɓace, sannan ta kwanta a kan teburinta tana bugunsa. Da ta ga kukan gaske nake sai ta zo ta rungume ni, kafaɗunta na ci gaba da rawa. "Yi haƙuri, ƙawata. Amma 'ya ƙafa'? Ke ma dai!"

Da na koma gida na gaya wa Umma, don na san gara ta ji daga bakina. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Innalillahi. Duka biyun?"

Na ce, "Duka biyun."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na ɗauka kuka take taya ni, sai da na ga cikinta na motsi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na kashe waya. A ofis na tura kujerar lungu na juya mata fuska bango, na ɗauko ta roba. Ko baiti ɗaya bai zo min ba, wace ƙafiya ce za ta ɗauki wannan? Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in kasa kunne, ina jiran a aiko a ce Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Na riga na gama tsara rayuwata a matsayin tuzuruwar da za a riƙa nuna wa yara daga nesa.

Wata yamma bayan la'asar Nafi'u ya zo. Na fita zaure da hijabi har ƙasa, na zauna a tabarma, a can ƙuryarta. Ya yi gyaran murya, fuskarsa a ɗaure kamar mai shirin raba sakamakon jarrabawa, sai dai gefen bakinsa na ta ɓalle masa.

Na ce, "Faɗi kawai. Na shirya."

Ya ce, "Ta tara gida."

"Na shiga uku."

"Ta kwanta a tabarma ta gwada mana. Da ciwon gwiwar tata. Sau biyu, don matar Baffa ba ta nan a na farko."

Na cusa kaina cikin gwiwoyina. Ya bari na gama mutuwa, sannan ya ci gaba. Wai da aka gama dariya Baffa ya tambaye ta, to yanzu me kika ce? Sai ta ce ita duk shekarunta a Muda Lawal ba ta taɓa yarda da saman buhu ba, don kowa mai kyau yake zubawa a sama, sai ka zura hannu har ƙasa ka san abin da ka saya. Ta ce wannan ne karo na farko da buhu ya kife da kansa a gabanta. Ta ce ta duba: da kujera ta tafi da yarinyar, hannunta bai nemi tebur ba, sutura ya nema, bakinta kuma bai saki ashar ba, gaisuwa ya ƙarasa.

Na ɗago kai kaɗan.

Ya ce, "Ta kuma ce wauta kam akwai, ba a magana. Amma wai gidanmu ba a taɓa rasa ta ba, ba za ki yi baƙunta ba."

"Shi ke nan?"

"Ta ce su Baffa su sa rana su zo. Ta ce in gaya miki ta gani." Ya ɗan dakata, mugu. "Kuma tana so."

Ina so in ce muku a nan kunyar ta ƙare, amma a nan ta samu gidan zama. Ranar da aka kai ni Inkil, ana shirin buɗar kai, wata baiwar Allah ta kawo kujera za a zaunar da amarya. Daga can cikin mata muryar Goggo ta tashi: "Ku ɗauke! Ku shimfiɗa mata tabarma, ba mu shirya kallo ba yau." Gida ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, ni ina cikin lulluɓi ina roƙon kada a buɗe kan har abada. A gidan ba a kiran matan 'ya'ya da sunansu, kowace da laƙabin da ake ba ta. Akwai Ta Gabas, akwai Mai Haƙuri. Ni yaran gidan Anti Kujera suka sani, har waɗanda aka haifa bayan abin. Kuma duk ranar da na je gaida Goggo, in durƙusa in jero gaisuwata tsaf, sai ta bari na kai ƙarshe, ta dube ni da ƙananan idanun nan, ta ce, "Ya ƙafa?"

Na yi ta juya abin a raina, da yake larurar ba ta warke ba. Abin da na samo shi ne kujera ba ta saukar da wanda ya ɗosana mata jiki yana wasan sauƙin kai. Wanda ke son ya sauka sai ya zauna da nauyin da Allah Ya ba shi, dukkansa. Na faɗa wa Rifkatu wannan ma, ta ce ita darasin da ta gani bai kai haka tsawo ba: liba sama daban, liba waje daban.

Mun shirya da kujerar daga baya. Na durƙusa a gabanta (ita ma ta samu nata), na murɗa abin nan na ƙasa har sai da ya koma tamau yadda manaja ya bar shi. Yanzu ko na jingina ba ta motsi. Mafarkina kuwa a tabarma nake yinsa, don ita duk inda ta kai ga cin amana, ba ta da sauran wurin da za ta kai ni.